Gidan Da Kawu Bahago Ya Tsallake

Jos, 14 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Bahago, Limancin Kona, Birnin Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Hassana da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Mu nan lafiya lau muke, sai sanyin Jos da ya ƙi sakin mu. Mahaifiyata, Mama Huseina, ta buga mini waya ta ce kujerarka ta Makka ta fito. Alhamdu lillahi! Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Ya sa karɓaɓɓe ne. Da kunnenka yana jin waya, da na kira na rangaɗa maka guɗa, to ga shi bindigogin Laberiya sun mayar da mu zamanin wasiƙa. Malam Suhail direba zai kawo maka wannan tare da wani ƙunshin takardu.

Kawu, na gama rubuta fim ɗin. Wanda na ce maka zan yi a kan labarin da ka ba ni ranar Babbar Sallah, da ka ce in kunna na'urar naɗar murya in ajiye ta kusa da kai. Mahaifiyarka da kakata 'ya'yan wa da ƙane ne, zumunci mai ɗan nisa, sau nawa ma muka haɗu a duniya? Amma ni ka zaɓa ka faɗa wa, kuma ban ɗauki abin da wasa ba.

Na bi labarin yadda ka ba ni shi. Abokai biyu 'yan birni ɗaya sun shiga soja rana ɗaya, aka tura su aikin kwantar da tarzoma a Laberiya. Aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wata gada, harsashi ya sami ɗaya a cinya. Ɗayan ya goya shi har ƙarfinsa ya ƙare, ya jingina shi da itacen roba ya tafi neman taimako. Ya tarar an ba da umarnin janyewa, motar ƙarshe tana shirin tashi. Ya hau. Da ya dawo gida, ya ce wa matar abokin nasa mijinta ya cika a hannunsa da kalmar shahada.

Kada ka damu, na canza komai. Babu sunan abokinka Zulkiflu, babu na matarsa Hajiya Mero, babu Ƙofar Doka, garin ma ban ambace shi ba. Abu ɗaya na ƙara, shi ne ƙarshen, domin labarinka ba shi da ƙarshe, fim kuwa dole ya ƙare. Sojan ya tsufa, ya je gidan matar, ya durƙusa ya faɗi gaskiya yana kuka. Ita kuma ta dafa kansa ta ce ta yafe masa duniya da lahira.

Furodusa ya karanta har sai da ya share ido. Ya ce bayan Ƙaramar Sallah za mu fara ɗauka. Ka karanta, ka sa mini albarka. Ita kaɗai nake jira.

'Yarka,
Radiya


Limancin Kona, 12 ga Sha'aban

Radiya uwar 'yan fim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki tana gaishe ki. Ƙafa da sauƙi. Kunne yana nan yadda kika san shi, na hagu ya mutu, na dama yana jinya. Na gode da addu'ar tafiya.

Na karanta takardunki sau biyu da tabarau. Kin iya rubutu, wannan ban hana ki ba. Amma ban yarda ba, albarka kuma ban sa ba.

Kin ce kin canza komai. Kin canza suna kin bar hannu! Shafi na huɗu, sojanki da hagu yake riƙe bindiga, abokinsa yana tsokanarsa. Ke Radiya, a duk cikin ganuwar Zariya tsohon sojan Laberiya bahago guda nawa ne? Mai shayin bakin Ƙofar Doka ma zai gane ni kafin ruwansa ya tafasa.

Sannan na ga ba ki san girman abin da na yi ba. Ke kin ɗauka ƙarya ce irin wadda ake yi don a sanyaya wa mace zuciya. A kan shaidata Mero ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. A kan shaidata aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. A kan shaidata Malam Jumare ya aure ta, yau 'ya'yansu biyar. Ni kuwa da ransa na bar mutumin nan, idonsa biyu. Ban ga gawarsa ba, ba kuma wanda ya gani. Kin san unguwarmu, kowane zaure da malaminsa da littafinsa. Ranar da fim ɗinki ya fito ba maganar yaƙi za a yi ba, auren Mero za a baje a tabarma. Masu ilimi za su ce ba ta da laifi, kuma haka ne. Marasa ilimin fa, da suka fi yawa suka fi baki?

Sai kukan nan da kika sa ni. Na kalli finafinan yaƙi a bariki har na gaji, na Turawa da na Indiya da namu na gida. Kullum sojan da ya yi laifi sai ya zabura daga barci yana gumi, ko ya tsaya yana kallon tafin hannunsa ana yi masa kiɗan tausayi. Duk don mai kallo ya ji daɗi ne, ya ce ai ga shi yana shan azabarsa. Ni barcina nake har da minshari, ki tambayi Innarki. Nawa da rana tsaka yake zuwa. Kowace Sallah Mero sai ta aiko mini da tuwo da miyar taushe da kaza, in wanke hannu in ci. Ɗanta na fari a gidan Malam Jumare, ita ta roƙa aka sa masa sunana, wai don na riƙe mata miji a lokacin fitar rai. Yanzu magidanci ne, ya zo ya tsuguna ya ce, "Baba takwara, ina kwana," in amsa, in sa masa albarka. Wace kyamara ce za ta ɗauki wannan? Mutum ne kawai zaune yana cin kaza.

Ƙarshen kuwa shi ya fi ɓata mini rai. Wa ya ba ki wakilcin Mero? Haƙƙinta ne, Allah ma ba Ya yafe shi sai ita ta yafe, ke kuma kin zauna a Jos kin yafe da biro. Kuma wace matar aure ce a birnin nan za ta dafa kan namijin da ba muharraminta ba? Haba Radiya.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki ajiye takardun nan a ƙasan akwati.

Kawunki,
Sajan Nasrullahi Bahago, mai ritaya


Jos, 3 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin ƙafar ta yi sauƙi. Ni ma mura ta kwantar da ni kwana biyu, amma na miƙe. A gaishe da Inna.

Maganar hannu na karɓa, kuskurena ne, na mayar masa da bindigar hannun dama. Dafa kai ma na soke, na ji kunya da ka nuna mini. Sauran kuwa ban karɓa ba, kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Kai ka ce in kunna na'urar, ban roƙe ka ba. Har ka tambaye ni ko jar fitilar nan tana nufin ta fara ɗauka, ka gyara zama. Wanda yake so ciki ya riƙe magana ba ya neman 'yar fim ya zaunar da ita a gabansa. So kake a ji, Kawu. Sai dai so kake a ji ba ka wurin.

Ka ce Hajiya Mero kake karewa. Zan faɗa ko za ka ce ba ni da kunya: shekara talatin da biyu, wa shirun nan ya kare? Ita take fige kazar, kai kake ci. Mama ta ce duk gidan rasuwar da Hajiya Mero ta je, sai ta ba masu makoki labarin yadda mijinta na farko ya cika, don su yi haƙuri. Da kalmominka take ta'aziyya a gari.

Na yarda finafinan yaƙi sun cika ƙarya. Namu ma sun fi, domin a wurinmu soja ko dai gwarzo ne da harsashi ba ya kamawa, ko kuma mugu ne mai marin mutane a kan hanya. Ban taɓa ganin wanda ya ji tsoro na minti ɗaya ya shekara talatin yana ɗauke da shi ba. Yau akwai samari a bakin daga da za su dawo da irin kayanka, su zauna a zaure ana ce musu sannu da ƙoƙari, ba wanda ya taɓa nuna musu mai kama da su. Don su nake yi. Ka ce in gyara kayana, na gyara, amma saukewa kam ba zan sauke ba.

Abu ɗaya ka faɗa da ya hana ni sukuni, cewa na yi magana da bakin matar da ban sani ba. Gaskiyarka. Saboda haka bayan Sallah zan zo Zariya in zauna da Hajiya Mero.

'Yarka,
Radiya


Limancin Kona, 27 ga Sha'aban

Radiya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke.

In kika taka ƙofar gidan Mero da maganar nan, ki ɗauka ba ki da kawu a Limancin Kona. Bakina ne ya ƙulla ta, in ma za a kwance ba bakinki ba ne zai kwance. Na zaci amana na ba ki, ashe makami na ba ki. Na tsaya a gaban bindiga kafin a haife ki, takarda ba za ta kora ni inda ban yi niyya ba.

Kada ki ƙara wahalar da Suhail.

Nasrullahi


Jos, 28 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, ko da yake duk sun wuce ban ji daga gare ka ba. Ka ce kada in wahalar da Malam Suhail, to ya ce shi bai gaji ba. Ina fata azumi bai taɓa ƙafar ba. Ni lafiya, sai dai raina bai yi daɗi ba tun wasiƙarka ta ƙarshe. Sau biyu ina rubuta amsa ina yagawa saboda zafinta.

Ka yi mini mummunar fahimta. Cewa na yi zan zauna da ita, ban ce zan faɗa mata ba. Gaisuwa zan kai mata a matsayin 'yar Huseina, in ji yadda take magana, in ga wace irin mace ce. Wallahi ko da wasa ban yi tunanin in kai mata maganarka ba. Wace irin 'ya ka ɗauke ni? Duk da haka ban zo ba, don kada ka ce na yi maka taurin kai a garinka. Na kuma sa an ɗage ɗaukar fim ɗin. Furodusa ya yi ta faɗa, babban ɗan wasanmu yana shirin kama wani aikin. Ɗagewa na yi, Kawu, ban fasa ba, kada ka yi murna.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Mama ta ce ka fara zagayen ban kwana da neman yafiya, yadda maniyyata suke yi kafin tafiya. Ta ce ba gidan da ka bari a Limancin Kona. Ka je kasuwa, ka je har wurin mahaucin da kuka shekara shida ba kwa gaisawa. Ka kai Ƙofar Doka, ka shiga gidan da ke damar gidan Malam Jumare, ka shiga na hagunsa, shi kuma ka wuce kamar ba ka ga ƙofar ba.

Mata sun fara magana a gidajen suna. Wasu sun ce Malam Jumare ne ya yi maka laifi. Wasu suna faɗin abin da ba zan rubuta ba. Mutumin da ake kai wa tuwon Sallah shekara talatin, ya tsallake gidan a zagayen Makka? Ni ban buɗe baki ba, fim bai fito ba, ƙafarka ce take ba da labarin a gari.

Ina jin na san abin da ya hana ka shiga. In haka ne, girmanka ya ƙaru a idona, ko da kana fushi da ni. Amma tsallakewar ma ciwo ce, kuma ita take ji ba ta san dalili ba. Fim zai iya jira. Jirginku ba zai jira ba.

'Yarka, ko ka so ko ka ƙi,
Radiya


Limancin Kona, 6 ga Zulƙida

Radiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki tana ta ɗaure kaya kamar ita za ta tafi. An yi mana allura, an ba mu jaka, Alhamis za mu wuce sansanin alhazai. Na yi miki mummunar fahimta, na yarda. Ba zan ba ki haƙuri da yawa ba don kada kanki ya kumbura.

Abin da kika zata shi ne. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan nan. Kin san yadda ake yi. Mutum ya yi sallama ya ce, "In na yi muku laifi, da sani ko ba da sani ba, ku yafe mini." Su kuma su ce, "Ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mana." Minti biyu an gama, har a ba ka goro. Da na shiga na faɗi haka, da Mero ta yafe mini da fara'arta, in tafi Makka da shi a aljihu. Wannan ba yafiya ba ce, sata ce. Na kasa yin ta, na kuma kasa faɗin gaskiya, sai na wuce.

Jiya da hantsi sai ga Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Mero ce. Ta shigo ta gaisa da Hassana, aka ba ta kujera ta ƙi zama. Ta san kunnena, sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya.

"Malam Nasrullahi, me na yi maka? Gidan mahauci ka shiga, nawa ka tsallake. In gishiri ne ya yi wa miyata yawa, ka faɗa mini a idona!"

Na ce wa Hassana ta shimfiɗa tabarma, ita ma ta zauna ta ji, domin ita ma ba ta sani ba. Sannan na faɗa, tun daga gadar har zuwa motar. Kin san kurma ba ya jin ƙarar muryarsa. Hassana ta ce har maƙwabta ta bayan katanga sun ji. To, sun ji. Ban yi kuka ba, ki rubuta wannan. Ita ma ba ta yi ba. Ba kiɗa, sai akuyarmu da take ta fama da kwanon dusa.

Sai ta fara tambaya kamar alƙali.

"Ka ɗaure masa raunin?"

Na ce da ɗamarata.

"Ka bar masa ruwa?"

Na ce na bar masa gorata.

"Da ka isa motar, ka ce a tsaya, akwai mutum a baya?"

Wannan ko na'urarki ban faɗa wa ba. Na ce ban ce ba. Na hau, na yi shiru, domin na ji tsoron a ce in koma in ɗauko shi.

Ta gyaɗa kai. Na fara maganar aurenta, cewa shi ya sa na yi shiru tsawon shekarun nan. Ta ɗaga mini hannu.

"Kada ka fake da ni. Na yi takabata da zuciya ɗaya, na yi aurena da rana tsaka a gaban shaidu. Yau zan faɗa wa Malam da bakina. Wanda yake da magana a kan 'ya'yana ya zo ya same ni, Ƙofar Doka ba ta ƙaura ba."

Na gaya mata batun fim ɗinki, har da yadda kika sa ta yafe mini a takarda. Ga saƙonta, yadda ta faɗe shi: "Ka ce wa 'yar Huseina ta yi fim ɗinta. Ta ma bar masa hagunsa, ni ba ni da abin ɓoyewa. Amma kada ta sa wa matar nan maganar da ban yi ba." Ni ma na janye tawa. Ki yi, na sa albarka. Sai dai sojanki kada ya zubar da hawaye ko ɗigo, kuma ki nuna shi yana hawa motar nan bakinsa a rufe.

Daga nan na ce, "Mero, Alhamis zan tafi. Ina neman yafiya, da sani na yi."

Ta miƙe ta sa takalmanta, ta yi wa Hassana sai anjima. Sai da ta kai bakin zaure ta juyo.

"Tunda ba shahada ba ce, me ya ce maka na ƙarshe?"

Na ce, "Cewa ya yi, Bahago, kada ka daɗe."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "To, ka daɗe."

Ta fita.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba za ta yafe ba, ni kuma ba zan aika kowa ya roƙe ta ba. Nata ne, ta riƙe har ranar da ta ga dama. Haka zan hau jirgi.

Kawunki,
Nasrullahi Bahago